A Daina Yi wa Kwamfuta Fomatin Saboda Laifin Direban Firinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan'uwana masu gyaran kwamfuta, da masu shagunan buga takardu da ke kawo mana aiki. Wannan ce sana'ata a Zariya tun zamanin da Windows XP ke tashe, kuma akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, wadda nake ganin gara a faɗe ta a bainar jama'a ko da wasu abokan sana'a za su ji haushina.

Ɗabi'ar ita ce gaggawar yi wa kwamfuta fomatin. Mutum ya gama shirya takardarsa, ya danna a buga, sai allo ya rikiɗe ya koma shuɗi da rubutun Turanci, kafin ya kai ƙarshen layin farko kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Ya ƙara gwadawa, haka dai. Ya saɓo ta a babur ya kawo kasuwa. Yaron da ke bakin shago ko kunna ta bai yi ba zai ce, “Alhaji, bairos ne, sai an yi mata fomatin.” A share komai, a ɗora sabon Windows, a ɗauko filas ɗin nan da ke rataye a wuyan oga a zuba mata direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa kwamfuta da na'urori irin firinta, ciki har da ainihin direban firintar da ya haddasa fitinar tun farko. Mai kaya ya biya ya tafi yana godiya. Ba a jima ba ya dawo da ciwon jiya, sai dai yanzu babu takardunsa. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Malam Edita, abin da ke cikin kwamfutar shagon buga takardu ya fi ita kanta kwamfutar daraja. Akwai kundin kammala karatun ɗalibai, akwai sakamakon jarrabawar makarantu masu zaman kansu, akwai zanen katin biki da kalanda da aka yi shekaru ana tarawa, akwai salon haruffa da mai shago ya sha wahala kafin ya samu. Kwanakin baya wata baiwar Allah da ke yi wa ɗalibai taifin ta zo wurina idonta ya yi ja. An riga an yi mata fomatin a wani wuri, aikin ɗalibai da dama ya tafi, ga shi ta karɓi kuɗinsu, ga kuma shuɗin allon bai fasa ba. Da na zauna na duba, sai na tarar da direban wata tsohuwar firinta ne da aka tilasta masa zama a kan Windows ɗin da ba a rubuta shi dominsa ba. Cire shi da sa wanda ya dace bai ci tsakanin La'asar da Magariba ba. Takardun ɗaliban kuwa, kaɗan muka iya tono wa, domin sabon Windows ya riga ya kwanta a kan gurbinsu. Ita da ɗaliban suka koma buga aikin daga takardun hannu.

Bari in bayyana yadda takarda ke tafiya daga allo zuwa firinta, domin wanda bai san hanyar ba, ba zai san inda aka yi haɗari ba. Direba 'yar manhaja ce da kamfanin firinta ke rubutawa, aikinta ta karɓi shafin da ka tsara ta mayar da shi yaren da wannan firintar ke ji. Wasu firintocin suna jin PCL na kamfanin HP, wasu PostScript na kamfanin Adobe, wasu kuma yaren gidansu kaɗai. Tsakanin manhajar da kake rubutu da ita da firintar akwai wani ma'aikaci a cikin Windows mai suna Print Spooler, wanda a jerin ayyukan kwamfuta yake fitowa da sunan spoolsv.exe. Shi kamar ɗan kamasho ne a tasha: yana karɓar takardu, ya jera su bisa layi, ya riƙa loda wa firinta ɗaya bayan ɗaya. Yana ajiye waɗanda ke jiran layi a foldar C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, kowane aiki da fayil biyu, ɗaya mai ƙarewa da SPL, ɗaya da SHD. Kuma shi wannan ma'aikaci yana ɗaukar guntayen direbobin kamfanoni ya shigar da su cikin jikinsa domin ya yi aiki da su. Idan ɗaya daga cikinsu ya lalace, da shi za su faɗi.

Tarihin abin ma yana da amfani. A 1996, da Microsoft ya fitar da Windows NT 4.0, ya tura sashen zane da direbobin firinta can cikin zuciyar tsarin, wato sashen Windows da ke juya komai, domin a samu sauri. Matsalar ita ce duk abin da ke aiki a zuciyar tsarin, idan ya taɓa gurbin ƙwaƙwalwar da ba nasa ba, Windows ba ya da wata dabara illa ya tsayar da komai nan take don kada ɓarnar ta shiga cikin ajiyarka. Wannan tsayarwar ce shuɗin allo. Da Windows 2000 ya zo sai aka fito da direbobin firinta waje, su ne ake kira nau'i na 3, kuma har gobe su ne suka fi yawa a shagunanmu. Windows 7 ya ƙara da damar killace direba shi kaɗai, ta yadda idan ya faɗi ba zai ja Print Spooler ba. Windows 8 ya kawo nau'i na 4, mai sauƙin nauyi da ƙarancin katsalandan. Duk da haka ba a rabu da bukar ba, domin sashen zane na Windows har yanzu yana zuciyar tsarin kuma yana musayar saƙo da direban firinta, sannan faifan da ke zuwa da firinta yakan ɗora wasu abubuwan bayan direba: manhajar duba tawada, ta sikana, ta tashar USB, wasunsu kuma suna shiga can ciki.

Shi ya sa tambayar farko da nake yi wa mai kaya ita ce, wace irin mutuwa take yi? Mutane suna haɗa abubuwa daban-daban su kira su “ta ɗauke”. Wani manhajar rubutunsa ce kawai ke rufewa ko ta daskare, sauran kwamfutar lafiya lau. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne Microsoft Word yakan tuntuɓi direban firintar da aka zaɓa a matsayin ta dindindin domin ya san yadda zai shimfiɗa shafi, saboda haka mugun direba zai iya hana shi buɗewa ko da ba ka yi niyyar buga komai ba. Wani kuma firintocinsa ne duk suka ɓace daga jeri, kwamfuta na cewa Print Spooler ba ya aiki. Wannan yawanci aiki ne guda ya maƙale a layi, duk sanda ma'aikacin ya tashi sai ya sake cin karo da shi ya faɗi. Sai na ukun, shuɗin allo na gaske, wanda a sabon Windows 11 ya koma baƙi tun 2025. Sai kuma wanda kwamfutarsa ke mutuwa ɗif babu wani rubutu, wannan kuwa zan zo kansa, domin galibi direba ba shi da hannu.

Ga misalin da ya kamata kowane mai gyara ya haddace. Ranar Talata 9 ga Maris 2021, Microsoft ya fitar da sabuntawar wata-wata ta Windows 10, mai lamba KB5000802 ga masu sigar 2004 da 20H2, da KB5000808 ga masu sigar 1909. Kafin a ce kwabo, ofisoshi a ƙasashe da dama suka fara kuka: da zarar an danna a buga, sai shuɗin allo da rubutun APC_INDEX_MISMATCH, da sunan fayil win32kfull.sys. Waɗanda suka fi kokawa masu firintocin Kyocera ne, sai Ricoh, Zebra da Dymo. Microsoft ya amsa cewa matsalar ta shafi wani ɓangare na direbobi nau'i na 3, ba ta taɓa nau'i na 4 ba. Ranar 15 ga watan ya fitar da gyaran gaggawa, KB5001567 da KB5001566, bayan kwana uku kuma ya ƙara da wani, KB5001649, domin an samu takardu suna fita babu hotuna ko da gurbi fari. To a duba da kyau. Fayil ɗin da ya bayyana a allo na Windows ne, abin da ya tayar da fitinar sabuntawa ce, amma sai ta haɗu da wasu direbobi kafin ta yi ɓarna. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya yi fomatin a wancan makon, ya mayar da direbansa, ya jona intanet, sabuntawar nan za ta sake saukowa ta mayar da shi gidan jiya. Wanda ya karanta allon kuwa, ya cire sabuntawar ko ya sauke gyaranta, bai rasa ko harafi ɗaya ba.

Ko gagarumar ɗaukewar 19 ga Yuli 2024, wadda ba ta firinta ba ce, darasinta ɗaya ne. Sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice. Maganin da aka bayar shi ne a shiga Safe Mode, wato a tayar da Windows da abubuwan dole kaɗai, a goge fayil guda ɗaya.

Yanzu ga yadda nake bi, kuma babu wani sirri a ciki. Abu na farko, a hana kwamfutar gudu. Windows yana sake kunna kansa ne da sauri saboda an saita shi haka. A danna maɓallin Windows da R tare, a rubuta sysdm.cpl, a shiga Advanced, a shiga Startup and Recovery, a cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga nan allon zai tsaya har ka karanta. Ka ɗauki hotonsa da waya. Abu biyu ake nema: sunan kuskuren da aka rubuta da manyan baƙaƙe, da sunan fayil idan ya fito. A wannan shafin ne kuma ake tabbatar da cewa Windows na ajiye rahoton mutuwarsa, wanda yake zubawa a foldar C:\Windows\Minidump. 'Yar manhaja ta kyauta mai suna BlueScreenView tana buɗe waɗannan rahotannin ta nuna direbobin da ke kan aiki a lokacin. Mai son zurfafawa ya sauke WinDbg na Microsoft, ya buɗe rahoton, ya rubuta !analyze -v. Sai dai a yi hattara, sunan da ya fito ba kullum shi ne mai laifin ba. Sau da yawa za ka ga ntoskrnl.exe, wato zuciyar Windows kanta, alhali ita gawar kawai aka tsinta a ƙofarta.

Na fi son Reliability Monitor a kan duk sauran, kuma abin mamaki yawancin yaranmu ba su taɓa buɗe shi ba. A danna maɓallin Windows da R, a rubuta perfmon /rel, sai ga jadawalin kwanaki, kowace rana da abin da aka ɗora wa kwamfutar da abin da ya faɗi. Nan za ka ga ranar da aka sa direba ko sabuntawa ta sauka, ka ga washegari jajayen alamu sun fara. Mai kaya zai rantse maka bai taɓa komai ba, kuma gaskiyarsa ce, ƙaninsa ne ya jona wata firintar aro ranar Asabar. Jadawalin ba ya mantuwa. A Event Viewer kuma, wato kundin da Windows ke rubuta abin da ya faru a cikinsa, lamba 1001 mai taken BugCheck tana ɗauke da lambar shuɗin allon, 7031 ko 7034 na nuna wani ma'aikaci irin Print Spooler ya faɗi ba shiri, lamba 1000 tana faɗin sunan guntun manhajar da ya kayar da shi. Idan wannan guntun yana zaune a ƙarƙashin foldar spool\drivers, magana ta ƙare.

Akwai gwaji mai sauƙi da ko mai shago zai iya yi kafin ya nemi kowa. Windows 10 da 11 suna da firintar ƙarya mai suna Microsoft Print to PDF, wadda ke mayar da takarda fayil maimakon ta fitar da ita. A mayar da ita ta dindindin, a buga takardar nan da ke kashe kwamfuta. Idan ta wuce lafiya, zargi ya koma kan direban firintar gaske. Sannan a buɗe Notepad a rubuta kalma biyu a tura wa firintar gaske. Idan wannan ya fita amma babban zane ya kashe ta, to direban yana tuntuɓe ne a kan hoto ko wani salon haruffa. Idan manhaja ɗaya tak ce ke jawo abin, musamman tsohuwa mai bit 32 a kan Windows mai bit 64, to akwai wani ɗan tsakani mai suna splwow64.exe da ke haɗa su, a nan ma akan samu saɓani.

Cire direba shi ne inda aka fi yin gyaran gangar Auzinawa. Mutum ya goge hoton firintar daga jeri ya ɗauka ya gama, alhali direban yana nan kwance a ma'ajiyar Windows, da ka sake jona waya zai tashi ya koma bakin aiki. Yadda ake yi shi ne a zare wayar firintar tukuna. A buɗe wurin rubuta umarni, wato Command Prompt, da izinin mai gida (Run as administrator), a rubuta net stop spooler, a je foldar PRINTERS da na ambata a kwashe abin da ke cikinta, ita foldar a bar ta, sannan a rubuta net start spooler. Wannan kaɗai yana warkar da yawancin masu kukan firintoci sun ɓace. Daga nan a cire firintar daga jeri, a rubuta printui /s /t2, jerin direbobi zai fito, a zaɓi wanda ake zargi, a ce a cire shi haɗe da kunshinsa. Idan ya ce ana amfani da shi, a tsayar da Print Spooler a sake tayar da shi, a yi maza a cire kafin ya kama. A kuma leƙa jerin manhajoji a cire tarkacen da suka zo tare da shi. Idan kwamfutar ba ta ma barin a kai ga nan, a riƙe Shift a danna Restart a shiga Safe Mode, ko F8 ga masu Windows 7. A sani cewa Print Spooler ba ya tashi a Safe Mode, saboda haka a can share layi da cire sabuntawa kawai za a yi, cire direban sai an dawo.

Wane direba za a mayar? Nan ne nake da ƙorafi a kan filas ɗin oga. Tarin direbobi ne da aka gada daga hannu zuwa hannu, ba wanda ya san asalinsu, wasu tun na Windows XP, wasu an cusa musu abin da ba a gani. Haka manhajojin nan masu alkawarin sa maka duk direbobi da dannawa ɗaya, sukan zaɓo na firinta mai kama da taka, ba taka ba. A juya firintar a karanta cikakkiyar lambarta, domin harafi ɗaya a ƙarshe yana bambanta ta da 'yar'uwarta. A je shafin kamfanin da ya ƙera ta, a zaɓi irin Windows ɗin da ake da shi da yawan bit ɗinsa, a ɗauki direba zalla idan akwai, a bar babban kunshin. Manyan injinan fotokwafi na ofis yawanci suna da direba fiye da ɗaya, idan na PCL 6 yana rigima a gwada na PostScript ko na gama-gari. Ƙananan firintoci masu araha kuwa ba su da wannan gatan. Ɗauki HP LaserJet 1020, wadda da wuya ka shiga layin masu buga takardu ba ka gan ta ba saboda ƙarkonta. Irinta kwamfuta ce ke yi mata duk aikin tsara shafi, har manhajar da take tashi da ita daga kwamfuta ake tura mata duk sanda aka kunna ta. Irin wannan sai direbanta na ainihi. Masu Windows Pro kuma su buɗe printmanagement.msc, za su ga nau'in kowane direba, su kuma sa wanda ba su yarda da shi ba a killace ta hanyar zaɓar Isolated. A shagon da firintoci uku ko huɗu ke kan kwamfuta ɗaya, wannan yana hana rigimar ɗaya ta tsayar da sauran.

Adalci ne kuma in ce ba kullum direba ke da laifi ba. Firintar leza tana dumama wani ƙarfe da ke narka garin tawada a kan takarda, kuma a daidai lokacin da ta fara bugu tana zuƙar wuta da ƙarfi. Idan tana kan soket ɗaya da kwamfuta a bisa ƙaramin janareta, ko an jona ta a ƙaramin UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe wa kwamfuta wuta, wutar kan yi ƙasa kwamfutar ta mutu ɗif. Mai shago zai ce duk sanda ya buga take ɗaukewa, kuma haka ne, amma babu shuɗin allo, babu rahoto a Minidump, sai lamba 41 mai taken Kernel-Power ita kaɗai. Wannan aikin mai gyaran wuta ne. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga zafin Afrilu a shagon kwano. Ga wayar USB da aka yi wa ɗauri da salatif. Idan sunan kuskuren yana canzawa kullum, yau wannan gobe wancan, kuma yana zuwa ko ba a bugu, sai a zargi RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, a rubuta mdsched a bar Windows ya gwada shi, ko a zare shi a goge bakinsa a mayar.

Wasu abokan sana'a, tun abin da ya faru a Maris 2021, sun ɗauki matakin kashe sabuntawa gaba ɗaya a duk kwamfutar da ta ratsa hannunsu. Na fahimci dalilinsu, ga tsadar data, amma ban yarda da su ba. A tsakiyar 2021 ɗin ne aka bankaɗo ɓarakar da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, wadda ke ba ɓarawon intanet damar mallake kwamfuta ta hanyar Print Spooler, har Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa ranar 6 ga Yuli 2021. Tun kafin nan ma, Stuxnet da aka gano a 2010, wanda ya lalata injinan nukiliyar Iran a Natanz, yana cikin hanyoyin yaɗuwarsa akwai wata ɓaraka a wannan ma'aikacin. Gaskiya ne toshe waɗannan ƙofofi ya zo da nasa ciwon kan, duk wanda ke raba firinta tsakanin kwamfutoci ya san kuskure mai lamba 0x0000011b da ya addabi mutane daga Satumba 2021. Amma shagon da kullum ake soka masa filas ɗin baƙi, ake buga silif ɗin JAMB, takardar kiran NYSC da katin NIN na jama'a, bai kamata ya zauna ƙofa a buɗe ba. Windows 10 yana ba da damar ɗage sabuntawa har kwana 35. A ɗaga ta a lokacin cunkoson aiki, a saurari abin da wasu suka gani, sannan a sauke.

To me ya sa muke fomatin alhali ga hanya? Kuɗi ne, Malam Edita. Fomatin yana da farashi sananne, yaro ma zai iya yi, oga na can yana wani aikin. Bincike kuwa sai ka zauna da kanka, ka karanta, ka gwada, kuma idan ka gama ka ce wa mai kaya fayil ɗaya ka cire, sai ya dube ka ya ce, “Wannan ɗan abin za ka caje ni?” Ya fi son ya ga an share komai, allo ya dawo sabo fil, ya ji a ransa an yi aiki. Saboda haka masu kaya ma suna da nasu kason. Ni dai na raba kuɗin dubawa da kuɗin gyara, ina faɗa tun kafin in taɓa, kuma ba na yin fomatin sai na kwashe wa mutum takardunsa ya gani da idonsa. Wasu sun tafi sun bar ni saboda haka, ba komai. Ina kira ga iyayen gida a wannan sana'a, daga nan Zariya har Titin Beirut a Kano, kada a yaye yaro bai iya buɗe rahoton Minidump ba. Turancin da ke ciki bai kai na takardar magani wuya ba.

Akwai kuma abin da ke tafe. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Tun Satumba 2023 ya sanar cewa a hankali zai daina rarraba direbobin kamfanonin firinta ta hanyar sabuntawar Windows, yana karkata zuwa direba guda na bai-ɗaya da ke aiki da firintoci masu bin ƙa'idar Mopria, wadda kamfanonin firinta suka haɗu a kai. Ga mai sabuwar firinta wannan alheri ne, rigima za ta ragu. Amma mu nan kasuwarmu ta na-hannu ce, injinan da ofisoshin Turai suka yi ritaya da su ne ke ciyar da gidaje. Duk mai irin wannan inji, ya je shafin kamfaninsa tun yanzu ya sauke direbansa na ainihi, ya ajiye a wuri biyu, ya rubuta lambar firintar da irin Windows ɗin a jikin filas ɗin. Wanda kuma zai sayi firinta ta hannu, ya duba ko tana da direban Windows ɗin da yake amfani da shi kafin ya miƙa kuɗi.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ka ware mana ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, masu karatu su riƙa aiko da hoton allon da lambar firintarsu da irin Windows ɗinsu, mu da muke cikin sana'ar mu riƙa amsawa da Hausa. Ni na ɗauki alkawarin amsa na firinta kyauta.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta,
Sabon Gari, Zariya.